Ire-iren Tambayoyin da Manhaja Ke Yi wa DNS

Duk na'urar da ke kan intanet ana samunta ne ta wata lamba da ake kira adireshin IP, amma mutane da suna suke aiki. Tsarin da ke haɗa sunan da lambar shi ne tsarin sunayen yanki, wanda aka fi sani da DNS. Yawancin masu amfani da intanet sun ɗauka aikinsa ke nan kawai, a ba shi suna ya ba da lamba. Wannan tambaya ɗaya ce daga cikin tambayoyi masu yawa da ake yi masa. Suna guda kan ɗauki bayanai iri-iri: adireshin shafinsa, inda ake kai masa imel, sabobin da ke da iko a kansa, mabuɗan tsaronsa. Kowane bayani ana kiransa rikodi, kowane rikodi yana da irinsa, kuma DNS ba ya amsa komai sai irin da aka tambaye shi.

Kafin 1983, sunayen kwamfutocin ARPANET, wadda ita ce mafarin intanet, suna cikin fayil ɗaya ne mai suna HOSTS.TXT. Cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya ce ke kula da shi, kowa ya sauke kofe a kwamfutarsa. Da kwamfutoci suka yawaita, abin ya gagara. A 1983 Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya tsara DNS, a 1987 kuma aka fitar da takardun ƙa'ida biyu, RFC 1034 da RFC 1035, waɗanda har gobe a kansu tsarin yake tsaye.

Siffar tambaya

Tambayar DNS ƙaramin saƙo ne ƙwarai. Tana farawa da kai mai bayit 12, wanda ke ɗauke da lambar shaida ta saƙon, da wasu alamomi, da ƙidayar abin da ke biye. Daga nan sai ita tambayar, mai sassa uku: suna, da iri, da aji.

Ba a aika sunan da ɗigo-ɗigonsa yadda ake rubuta shi a burauza. Ana yanka shi ne gutsure-gutsure, a sa tsawon kowane gutsure a gabansa. Sunan yankin Jami'ar Bayero ta Kano, buk.edu.ng, yakan zama lamba 3 da haruffan buk, lamba 3 da edu, lamba 2 da ng, sai sifili a ƙarshe da ke nuna sunan ya ƙare. Bayit 12 ke nan. Iri yana cin bayit 2, aji ma bayit 2. In aka haɗa da kai, tambayar gaba ɗayanta bayit 28 ce, ba ta kai tsawon gajeren saƙon tes ba. Gutsure ɗaya ba ya wuce bayit 63, cikakken suna kuma ba ya wuce 255. Haruffan da ba sa cikin baƙaƙen Turanci, irin su ɓ da ɗ da ƙ, sai an juya su da wata dabara mai suna Punycode, wadda ke fito da suna mai farawa da xn--, kafin su shiga tambaya.

Aji kusan kullum IN ne, wato intanet, mai lamba 1. Akwai wani tsohon aji, CH, da ya samo asali daga wata hanyar sadarwa ta jami'ar MIT. Abin da ya rage masa yanzu shi ne a tambayi saba wace manhaja take amfani da ita, ta sunan version.bind, kuma masu kula da sabobi da yawa sun rufe wannan ƙofar. A wurin iri ne zancen yake.

Wa ake tambaya

Manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta ba ta yawon neman amsa da kanta. Tana miƙa tambayar ga wata saba da ke aikin ɗan aike, wadda galibi ta kamfanin sadarwa ce, ko kuma ta jama'a irin 8.8.8.8 ta Google da aka buɗe a 2009, ko 1.1.1.1 ta Cloudflare da aka buɗe a 2018. A kan saƙon akwai alama mai suna RD. Idan an kunna ta, ma'anarta ita ce: je ka nemo, kada ka dawo sai da cikakkiyar amsa.

Shi ɗan aiken yana tafiya ne kamar baƙon da ke neman gida a garin da bai sani ba, wannan ya nuna masa unguwa, wancan ya nuna masa layi, har ya iske mai gidan. Yakan fara da sabobin tushe, masu sunaye 13 daga harafin a zuwa m, waɗanda ƙungiyoyi 12 ke gudanarwa, kowane suna kuma yana da kwamfutoci da yawa a warwatse a duniya. Tushe bai san adireshin jami'ar ba, amma ya san sabobin da ke riƙe da .ng, yankin da ƙungiyar NiRA ke kula da shi. Su kuma sai su tura shi ga sabobin da ke da iko a kan sunan jami'ar. Amsar da ta fito daga can tana ɗauke da alamar AA, shaidar cewa daga bakin mai abu ta fito.

Tambaya iri biyu ke nan ta fuskar tafiya: wadda ake ɗora wa wani nauyin bi har ƙarshe, da wadda ake bi mataki-mataki ana karɓar kwatance. Mai rubuta manhaja kusan kullum ta farko yake yi.

Adireshi da laƙabi

Irin da aka fi tambaya shi ne A, mai lamba 1. Yana dawo da adireshin IPv4, mai bit 32, kamar 192.0.2.10. Adiresoshin wannan tsari ba su wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma a Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba na ƙarshen da ke hannunta ga hukumomin nahiyoyi biyar, ciki har da AFRINIC ta Afirka. Magajinsa IPv6 yana da bit 128, ninki huɗu, shi ya sa aka kira rikodinsa AAAA, mai lamba 28. Tambayoyi ne guda biyu daban. Wanda ya tambayi A ba za a ba shi AAAA ba ko da akwai shi. Saboda haka burauza ta zamani takan tura su biyun kusan lokaci guda, ta fara gwada IPv6, in ya yi jinkiri kaɗan ta kama IPv4.

CNAME, mai lamba 5, laƙabi ne. Yana cewa wannan sunan na wancan ne, a je can a tambaya. Manhaja ba ta cika tambayarsa kai tsaye ba. Takan tambayi A ne, sai amsa ta zo da CNAME a sama da kuma A na sunan asali a ƙasa, wani lokaci laƙabi biyu ko uku a jere. Manhajar da ta ɗauki layin farko na amsa ta ce adireshi ne, ta ɗauki suna a madadin lamba. CNAME yana da ƙa'ida mai tsauri: sunan da ke ɗauke da shi ba ya ɗaukar wasu rikodin na yau da kullum. Wannan ne ya hana a sa shi a kan tsurar sunan yanki kamar example.com, domin dole ne wurin ya ɗauki NS da SOA.

NS, lamba 2, shi ne ke lissafa sabobin da ke da iko a kan shiyya, wato sashen sunayen da ke ƙarƙashin kulawa ɗaya, kuma shi ne kwatancen da ɗan aike ke karɓa a kowane mataki. SOA, lamba 6, kan shiyyar ne: babbar saba, da imel ɗin mai kula, da lambar da ke ƙaruwa duk lokacin da aka yi gyara.

PTR, lamba 12, yana juya tambayar, daga lamba zuwa suna. Da yake DNS suna kaɗai ya iya nema, sai a mai da adireshin suna: a karanta shi daga baya zuwa gaba, a ƙara masa in-addr.arpa. Adireshin 8.8.4.4 ya zama 4.4.8.8.in-addr.arpa, amsarsa kuma dns.google. Wanda ke riƙe da adireshin ne ke rubuta wannan rikodi, kuma yana iya rubuta sunan da ya ga dama. Don haka PTR shi kaɗai ba hujja ba ce. Manhaja mai taka-tsantsan takan ɗauki sunan da aka ba ta, ta sake tambayar A ko AAAA ɗinsa, ta ga ko ya komo kan adireshin farko.

Imel da ƙa'idojinsa

A wajen imel ne aka fi ganin amfanin raba iri da iri. Shafin kamfani yana iya zama a wata ƙasa, akwatin imel ɗinsa a wata, alhali sunan ɗaya ne. MX, lamba 15, shi ke nuna inda ake kai wasiƙa. Kowane rikodi yana zuwa da lambar fifiko da sunan saba. A ce example.com yana da guda biyu, mail1.example.com mai lamba 10 da mail2.example.com mai lamba 20. Ƙaramar lamba ce ke gaba, don haka mail1 za a fara gwadawa, sai in ta ƙi sannan a koma mail2. Idan lambobin sun zo daidai, mai aikawa ya zaɓi ɗaya ba tare da bin wani jeri ba don nauyi ya rabu. Amsar ba ta zama dole ta zo a jere ba, aikin manhaja ne ta jera ta.

Abu biyu sukan kayar da masu rubuta manhajar tantance adireshin imel. Na farko, MX suna yake bayarwa, sai an sake tambayar A ko AAAA kafin a samu inda za a buga. Na biyu ya fi yawan jawo kuskure: rashin MX ba ya nufin yankin ba ya karɓar imel. Ƙa'idar aika imel ta ce in babu MX, a gwada adireshin sunan da kansa. Yankin da yake so ya ce ba ya karɓar wasiƙa ko kaɗan yana da hanyar faɗa tun 2015, wato MX guda mai lambar fifiko 0 da ɗigo kaɗai a wurin suna.

TXT, lamba 16, an yi shi ne don rubutu na kowane iri, sai ya zama jakar da kowa ke jefa kayansa. A ciki ne SPF ke lissafa sabobin da aka yarda su aika imel da sunan yanki, da layi mai farawa da v=spf1. DKIM yana ajiye mabuɗin tantance sa hannu a ƙarƙashin _domainkey, DMARC kuma yana faɗin yadda za a yi da wasiƙar da ta faɗi jarrabawa a ƙarƙashin _dmarc. Let's Encrypt, mai ba shafuka takardar shaidar tsaro, yana tabbatar da mallakar yanki ta _acme-challenge. An taɓa ware wa SPF iri nasa na kansa, mai lamba 99, amma mutane suka ƙi barin TXT, a 2014 aka haƙura aka daina amfani da shi.

Rubutun TXT yana da nasa tarkon. Kowane gutsure na rubutu a cikinsa ba ya wuce bayit 255, kuma mabuɗin DKIM mai bit 2048 ya fi haka tsawo, don haka ake raba shi gida biyu ko fiye a cikin rikodi guda. Dole manhaja ta haɗa gutsattsarin ba tare da ta sa tazara ba. Umarnin resolveTxt na Node.js, alal misali, jeri cikin jeri yake dawowa da shi saboda wannan dalili.

Waɗanda suka zo daga baya

SRV, lamba 33, ya faɗaɗa dabarar MX zuwa kowace hidima. Ana tambayarsa da suna kamar _xmpp-client._tcp.example.com, ya dawo da fifiko, da nauyi, da lambar ƙofa, da sunan saba. Active Directory na Microsoft a kansa ya dogara wajen gano sabobinsa. CAA, lamba 257, yana faɗin waɗanne kamfanoni ne aka yarda su ba yanki takardar shaidar tsaro, kuma tun Satumban 2017 ya wajaba a kansu su duba shi kafin su bayar. DNSSEC, tsarin sa hannu a kan bayanan DNS, ya zo da nasa: DNSKEY na mabuɗi, RRSIG na sa hannu, DS na haɗa amana tsakanin shiyyar sama da ta ƙasa. An sa wa tushe hannu a Yulin 2010. Sai HTTPS, lamba 65, wanda aka kammala ƙa'idarsa a Nuwamban 2023. Yana sanar da burauza tun kafin ta buga ko shafin yana jin HTTP/3, har da adiresoshin da za ta iya fara gwadawa.

Akwai kuma lambobin da tambaya ce zalla, babu rikodin da ke ɗauke da su. AXFR, lamba 252, roƙo ne na a kwafo shiyya gaba ɗaya, kuma an yi shi ne don saba ta biyu ta kwafa daga ta farko. IXFR, 251, sauye-sauyen da aka yi kawai yake kwasowa. Sabar da ta bar AXFR a buɗe ga kowa ta miƙa wa baƙo jerin duk kwamfutocin gidan.

ANY, lamba 255, shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Sunansa yana sa a zaci yana kawo komai, alhali ɗan aike abin da ya tarar a ma'ajiyarsa kawai yake iya bayarwa, ko da rabi ne. Ya kuma zama makami: mai kai hari ya tura ƙaramar tambaya da adireshin ƙarya na wanda yake so ya cutar, sai amsa mai ninkin girma ta faɗa wa wancan. Da irin wannan dabara ta amfani da sabobin DNS da aka bari a buɗe aka kai wa ƙungiyar Spamhaus hari a Maris 2013, wanda aka ruwaito ya kai kimanin gigabit 300 a daƙiƙa. A 2019 RFC 8482 ya halatta wa saba ta ba ANY ƴar gajeriyar amsa kawai. Manhajar da ke son A da MX da TXT, tambaya uku za ta yi.

Karanta amsa

Kowace amsa tana da lambar sakamako, kuma rashin bambance su ne tushen kurakurai masu wuyar ganowa. Lamba 0, NOERROR, tana nufin komai lafiya. Lamba 3, NXDOMAIN, tana nufin sunan babu shi sam, ko da wane iri aka tambaya. Tsakaninsu akwai hali na uku da ba shi da lamba tasa: sakamako ya zo 0 amma sashen amsa fayau. Ana kiran wannan NODATA, wato sunan yana nan, irin da aka tambaya ne babu. Shafin da bai da IPv6 haka yake amsa tambayar AAAA, kuma ba matsala ba ce.

Lamba 2, SERVFAIL, daban take. Ba ta ce komai a kan sunan ba, cewa take ɗan aike ya kasa samo amsa, ko don sabobin ba su amsa ba, ko don sa hannun DNSSEC bai inganta ba. Ran 4 ga Oktoba 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa shida, sunayensu suna nan a rajista. Kuskuren saiti ne a hanyoyin sadarwar kamfanin ya sa sabobin DNS ɗinsa suka janye kansu daga intanet, ƴan aike a duniya suka yi ta dawo da SERVFAIL. Manhajar da ta ɗauki wannan a matsayin babu sunan za ta iya share adireshi mai kyau daga rumbunta, ko ta mayar da wasiƙar da ya kamata ta jira ta sake gwadawa. Lamba 5, REFUSED, ita kuma saba ce ta ce ba za ta yi wa wannan mai tambayar aiki ba.

Kowane rikodi yana zuwa da TTL, adadin daƙiƙoƙin da aka yarda a ajiye shi kafin a sake tambaya. TTL na 300 minti biyar ne, 86400 kwana ɗaya. Abin da ake ce wa jiran sabon saiti ya bazu a duniya, a gaskiya jiran tsofaffin amsoshi ne su ƙare a ma'ajiyoyi. Amsar babu ma ana ajiye ta, na tsawon lokacin da rikodin SOA na shiyyar ya ƙayyade, shi ya sa sunan da aka tambaya kafin a ƙirƙire shi kan ci gaba da ƙin fitowa na ɗan lokaci bayan an ƙirƙire shi.

A cikin harsunan rubuta manhaja

Hanya biyu ce mai rubuta manhaja ke da ita, kuma ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba. Ta farko ita ce roƙon babbar manhajar kwamfuta ta nemo adireshi, ta umarnin getaddrinfo, wanda ya gaji tsohon gethostbyname da IPv4 kaɗai ya sani. Shi ne ke ƙarƙashin socket.getaddrinfo na Python da dns.lookup na Node.js. Wannan umarni ba DNS kaɗai yake dubawa ba. Yakan leƙa fayil ɗin hosts na kwamfutar, jikan HOSTS.TXT na da, galibi ma kafin ya fita waje. Adireshi kawai yake dawowa da shi, ba ya ba da TTL, ba ya kuma iya tambayar MX ko TXT.

Ta biyu ita ce magana da DNS kai tsaye, inda ake faɗin iri da baki. A harshen C akwai res_query, a Windows akwai DnsQuery, a Go akwai LookupMX da LookupTXT da LookupSRV. A Python ana amfani da dnspython, a rubuta dns.resolver.resolve a ba shi suna da iri, kuma ya raba kuskuren NXDOMAIN da na NoAnswer, daidai da bambancin babu suna da babu irin. A Node.js dangin dns.resolve ne ke wannan aiki, kuma ba sa duba fayil ɗin hosts. Don haka suna guda yana iya aiki da dns.lookup ya ƙi da dns.resolve4 a kan kwamfuta ɗaya. Akwai ma batun sauri: dns.lookup yana layi ne a kan ma'aikata huɗu kacal da Node.js ke warewa in ba a canza saitin ba, waɗanda kuma su ne ke karanta fayiloli, don haka ɗan aike mai nawa yana iya tsayar da ayyukan da ba ruwansu da intanet. Wanda zai buɗe haɗi da wata saba, hanya ta farko ce ta dace da shi. Wanda ke son sanin abin da aka rubuta a DNS, ta biyu. Don gwaji da hannu kuwa, umarnin dig yana nuna amsa da duk alamominta, kamar dig example.com MX.

Girman amsa ma yana shafar wasu ire-iren. DNS yana aiki a ƙofa mai lamba 53, galibi ta UDP, kuma ƙa'idar 1987 ta tsayar da saƙon UDP a bayit 512. Amsar A ba ta cika kai wa nan ba, amma TXT da DNSKEY sukan wuce. In haka ta faru sai saba ta kunna alamar TC, ma'ana an datse, a sake tambaya ta TCP. Katangar tsaron da ta toshe TCP a ƙofa 53 takan bar shafuka suna buɗewa lafiya, tantance imel kuwa ya riƙa faɗuwa jefi-jefi. Tun 1999 ƙarin da ake kira EDNS ya ba mai tambaya damar faɗin girman da zai iya karɓa, ta wani rikodin jeka-na-yi-ka mai suna OPT, lamba 41, kuma a 2020 manyan masu ƙera manhajojin DNS suka daidaita a kan bayit 1232. Hanyoyin ɓoye tambaya daga masu leƙe, DNS ta TLS a ƙofa 853 tun 2016 da DNS ta HTTPS a ƙofa 443 tun 2018, mazubin kawai suka sauya. Suna da iri da aji suna nan a ciki yadda suke.

Gurbin iri yana da bit 16, wato zai ɗauki lambobi 65,536, kuma kaɗan ne daga ciki aka raba. IANA ce ke riƙe da rajistarsu. Tun 2003 ƙa'ida ta wajabta wa saba ta ajiye ta kuma isar da irin da ba ta sani ba yadda ya zo, ba tare da ta taɓa shi ba. Manhajar da ta tsufa har ba ta san sunan sabon iri ba tana iya tambayarsa da lambarsa, kamar TYPE65 a madadin HTTPS, amsar ta zo mata da tsawonta da tsurar lambobinta.